Kwamfuta ta mutu kwana goma sha biyu da saye: wa zai ɗauki asarar?

A Maraɗi, wata ɗaliba da ke shekarar ƙarshe a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a kan jaka 165. Kuɗin ba nata ba ne. Yayanta da ke aikin gini a Aljeriya ne ya tara su cikin watanni, ya aiko mata don ta rubuta kundin kammala karatu ba tare da bin layi a shagon buga takardu ba. A shago an kunna mata kwamfutar, Windows ya tashi, aka sa waƙa ta ji sauti, ta ƙirga kuɗi ta miƙa. Maganar rasit ba ta taso ba, domin wani abokin yayan nata ne ya haɗa ta da mai shagon, kuma a ganinta neman takarda a wurin wanda aka sani tamkar zargi ne.

Kwana tara da saye, kwamfutar ta fara ɗaukar zafi tana kashe kanta. A rana ta goma sha biyu ta ƙi tashi baki ɗaya, ga babi biyu na kundin a cikinta. Da ta koma shago, mai kaya ya ce lafiya lau ya sayar, wataƙila wutar gidansu ce ta ƙone ta, kuma garantin mako guda ya ba ta, ya riga ya wuce. Ita kuwa abin da ta riƙe shi ne wata guda aka ce. Babu takarda, babu saƙo a waya, babu wani na uku da ya ji.

Duk fadar matasan da aka zauna a Yamai, Damagaram ko Tawa, da wuya a rasa mai irin wannan labari. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 42 a wata tun farkon 2024, jaka 165 kusan albashin wata huɗu ne. Doka ta ba mai saye haƙƙi idan aka sayar masa da kaya mai ɓoyayyen aibi, addini ma ya ba shi. Abin da yakan rasa shi ne hujjar da zai nuna, kuma hujjar nan ranar ciniki ake haɗa ta, kafin kuɗi su bar hannu.

Daga ina kwamfutocin ke fitowa

Yawancin kwamfutocin da ke kan teburan shaguna a biranen Nijar na hannu ne, waɗanda ake kira okaziyo. Da yawansu HP ne, Dell ko Lenovo da kamfanoni da ofisoshin Turai da Amurka suka yi aiki da su shekaru kafin su sauya sababbi. Wasu ta Dubai suke biyowa, wasu ta tashar ruwan Lome, wasu kuma ta Legas da Kano su shigo ta Maraɗi, Kwanni ko Magarya. Kafin kwamfuta ɗaya ta kai hannun ɗalibi, ta ratsa hannun dillalai uku ko huɗu, kuma a kowane zango ana iya sauya mata batir, a cire RAM, ko a gyara abin da ya ƙone a mayar da murfi.

Ba duk kayan da ake lodowa ne ke zuwa da rai ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018, bayan sa ido a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016, ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ne ke shiga Najeriya a shekara, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki. Alƙaluman sun haɗa da talabijin, firji da sauransu, ba kwamfuta kaɗai ba, amma suna nuna irin rumbun da ake tsinto kayan.

Wannan bai sa kowace okaziyo ta zama bola ba. Tsohuwar kwamfutar ofis mai lafiya takan fi sabuwa mai arha ƙarko, kuma akwai ƴan kasuwa da dama da ke gwada kayansu tsakani da Allah, su karɓi abin da ya dawo ba tare da gardama ba. Sai dai a ido, mai lafiya da wadda aka lallaɓa duk ɗaya suke.

Abin da doka ta tanada

Nijar na da doka ta musamman a kan kare haƙƙin masu saye, wato doka mai lamba 2015-24 ta ranar 11 ga watan Mayun 2015. Amma tun kafin ta, kundin dokokin farar hula da ƙasar ta gada daga Faransa ya yi bayani dalla-dalla a kan ɓoyayyen aibi. Aya ta 1641 ta ɗora wa mai sayarwa alhakin duk aibin da ba a gani, wanda ya hana kaya yin aikin da aka saye shi dominsa, ko ya rage amfaninsa har ta kai da mai saye ya sani da bai saya ba, ko da bai biya wannan farashi ba. Aya ta 1644 ta ba mai saye zaɓi biyu: ya mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe kaya a mayar masa da wani ɓangare na kuɗin. Idan kuwa mai sayarwa ya san da aibin ya yi shiru, aya ta 1645 ta ƙara masa biyan diyya.

Kariyar tana da iyaka. Aibin da ke fili, kamar tsagaggen gilashi ko madannin da ya ɓalle, ba ya ciki, tunda mai saye ya gani ya yarda. Tsufa ma ba aibi ba ne: batirin kwamfutar da ta shekara bakwai ba zai riƙe wuta kamar sabo ba, kuma babu alƙalin da zai yi mamakin haka. Mai saye ne kuma zai nuna cewa matsalar tana nan tun kafin ciniki. Sannan aya ta 1648 ta ce a kai ƙara cikin ɗan gajeren lokaci, don haka wanda ya ajiye matacciyar kwamfuta wata shida a ƙarƙashin gado yana raunana maganarsa da kansa.

Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan wasu rasitai, cewa kayan da ya fita ba ya dawowa kuma ba a musanya shi, yakan kashe wa mutane gwiwa. Doka ta yarda mai sayarwa ya gindaya sharaɗin rashin garanti, amma sharaɗin ba ya kare wanda ya san da aibi ya ɓoye. A Faransa, inda dokar ta samo asali, kotuna sun daɗe suna ɗaukar ɗan kasuwar da sana'arsa ke nan a matsayin wanda ya san aibin kayansa. Idan kuma ƙarya aka yi a kan kayan, misali aka ce Core i7 ce alhali Core i3 ce aka liƙa wa wata takarda, magana ta zama yaudara, kuma aya ta 1116 ta ba da damar rushe cinikin.

Ga wanda ayar doka ba ta dame shi ba, akwai ta malamai. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan ƙasar nan, littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya haramta algus da ɓoye aibi a babin ciniki, kuma malamai sun tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da ba a faɗa masa ba. A teburin sulhu na kasuwa, wannan hujja takan yi tasiri fiye da lambar aya.

Rabin awa a cikin shago

Kunna kwamfuta a ga Windows ya tashi ba gwaji ba ne. Gwajin kirki na cin kamar rabin awa, kuma ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba ya jin haushin haka.

Abu na farko shi ne a bar takardar da ke liƙe a jiki, a duba abin da ke ciki. A Windows, shafin Gestionnaire des tâches yana nuna sunan ƙwaƙwalwar kwamfutar, yawan RAM da irin diskin da ke ciki. Sunan Core i5 ko i7 shi kaɗai ba ya faɗin komai, lambar da ke biye ce ke nuna zamani. Wadda aka rubuta i5-6300U ƴar zubi na shida ce, na wajajen 2015, ita kuwa i5-8250U zubi na takwas ce, na 2017. Bambancin yana da nauyi, domin Microsoft ya tsayar da ranar 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, shi kuma Windows 11 a hukumance yana neman Intel zubi na takwas zuwa sama da kariyar TPM 2.0. Ana iya tilasta Windows 11 a kan tsohuwar kwamfuta, kuma ana yi, don haka ganinsa a fuska ba ya nuna shekarunta.

Na biyu batir. Idan aka buɗe Invite de commandes aka rubuta powercfg /batteryreport, kwamfutar za ta fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da ƙarfin da ya rage masa yanzu. Wanda ya koma ƙasa da rabi, a sa kuɗin sabo cikin lissafi. A kuma zare caja a gani ko za ta tsaya da ƙafarta, domin a garin da ake yawan ɗauke wuta lokacin zafi, kwamfutar da ba ta riƙe wuta rabin kwamfuta ce.

Na uku diski. Wata ƴar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, da ake iya zuwa da ita a kile, tana nuna lafiyar diski da adadin awannin da ya yi yana aiki. Idan ta nuna alamar gargaɗi, diskin ya kama hanya, kuma shi ne ke tafiya da aikin mutum idan ya mutu.

Sai zafi. A buɗe bidiyo mai nauyi da shafuka da yawa a bar ta minti ashirin. Matsalar da ta kashe kwamfutar ɗalibar Maraɗi irin wadda ba ta fitowa a minti biyu ce. Wadda fankarta ke kuka tana ƙona hannu a shago mai sanyi, ba za ta kai labari ba a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ga ƙura. Cikin wannan jira sai a gwada kowane madanni, kowace kafar USB, kyamara, lasifika da Wi-Fi, a kuma buɗe farin shafi da baƙi don ganin tabo a gilashi.

Na ƙarshe kulle. A sake kunna ta a shiga BIOS. Idan ta nemi kalmar sirrin da mai shago bai sani ba, a bar ta. Haka MacBook ɗin da ke ɗaure da asusun iCloud na wani, ko kwamfutar da ke nuna sunan wani kamfani ko wata makaranta idan aka haɗa ta da intanet. Irin waɗannan suna iya aiki yau, su kulle ranar da aka sake musu Windows ko aka goge su.

Wanda bai iya waɗannan ba, ya tafi da wanda ya iya, amma ba wanda mai shago ya kawo ba, ba kuma ɗan kamashon da zai karɓi rabonsa bayan an tafi ba.

Takardar da ke raba gardama

A Damagaram, wani matashi mai haɗa bidiyon biki ya sayi tasa da sharaɗi ɗaya: a rubuta. A kan rasit mai hatimin shago aka sa kwanan wata, samfurin kwamfutar, ƙwaƙwalwarta, RAM, girman diski, farashi, da garantin wata ɗaya a kan komai ban da faɗuwa da shigar ruwa. Ya kuma sa aka kwafe lambar da ke ƙasan kwamfutar. Da gilashinta ya fara zane-zane a mako na uku, yaron shago ya fara da cewa ba tasu ba ce. Aka juya ta, aka gwada lamba da rasit, suka yi daidai. Washegari aka musanya masa.

Lambar nan ita ce sunan yankan kwamfuta. Dell na kiranta Service Tag, haruffa da lambobi bakwai ne, HP da Lenovo kuma suna da tasu. Ana ganinta a ƙasan kwamfuta da kuma cikin BIOS, kuma ya kamata biyun su zo ɗaya. Idan suka saɓa, an sauya murfi ko an sauya kayan ciki. Duk kamfanonin uku suna da shafin da ake sa lambar a ga samfurin kwamfutar da lokacin da garantin kamfani ya fara da ranar da ya ƙare. Wanda aka ce wa sabuwa ce fil a kwali, wannan shafin zai gaya masa gaskiya cikin minti ɗaya.

Rasit mai amfani yana ɗauke da sunan shago, inda yake da lambar waya. Shagon da ke da rajista yana da lambar haraji ta NIF da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM, waɗanda ke nuna wa za a kira idan magana ta kai gaban hukuma. Kalmar garanti kuma a fayyace ta: kwana nawa, daga yaushe, me ta rufe, kuma idan abu ya lalace gyara za a yi, musanya ko mayar da kuɗi. Batir da caja a ambace su da suna, domin su ne aka fi cewa ba sa ciki.

Idan mai kaya ba shi da rasit, farar takarda da sa hannun mutum biyu da shaida ɗaya ta fi babu. Idan ita ma ta gagara, saƙon WhatsApp da aka tura masa a gabansa, mai ɗauke da lambar kwamfuta, farashi da kwanakin garanti, ya amsa da na'am, abin nunawa ne. Biyan kuɗi ta Airtel Money, NITA, Amana ko banki shi ma yana barin sawu, muddin sunan da ya karɓa shi ne na mai kayan.

Idan ta riga ta lalace

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ruga wurin mai gyaran unguwa. Da zarar wani ya kwance ta, mai shago ya samu abin faɗa: ba haka na ba ka ita ba. Matakin farko shi ne a ɗauki bidiyon matsalar da waya, a sanar da mai shago a ranar, a rubuce, ko da za a kira shi daga baya. Idan tana tashi ko da na minti biyar ne, a kwashe aiki zuwa kile ko Google Drive, a fita daga asusun imel da na Facebook, a goge hotunan iyali.

Ranar mayarwa a tafi da mutum ɗaya mai natsuwa. Idan za a bar kwamfutar a shago don dubawa, a karɓi ƴar takarda mai lambarta, abin da ke cikinta da ranar da za a dawo. Rashin wannan ne ke sa a kai kwamfuta da RAM 16 ta dawo da 8, ko mako guda ya zama wata uku har garanti ya ƙare tana hannunsu. A kuma shiga da buƙata ɗaya bayyananna, gyara kyauta, musanya, ragi ko kuɗi, maimakon faɗa. Zagi a bainar jama'a yakan mayar da mai gaskiya mai laifi, kuma wallafa hoton mutum a Facebook da sunan ɓarawo na iya jawo wa mai wallafawar ƙarar ɓata suna a ƙarƙashin dokar laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019.

Idan mai shago ya ƙi, kasuwa tana da manya. Shugabannin ƴan kasuwa da na masu sayar da kayan lantarki sun saba raba irin wannan rigima, kuma ɗan kasuwa yana jin kunyar abokan sana'arsa fiye da baƙo. Masu unguwa da sarakunan gargajiya su ma doka ta ba su ikon sasanta jama'a. A wannan mataki ne ra'ayin mai gyara na daban yake da amfani, wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ya buɗe ta a gaban kowa. Tsohon gyara ba ya ɓuya: sawun dalma, tsatsar ruwa ko wayar da aka ɗaura a kan babban faifan ciki, wanda masu gyara ke kira kat-mer, suna nuna cewa ciwon ya girmi cinikin.

Daga nan sai hukuma. Ofishin ministan kasuwanci yana da rassa a jihohi, akwai kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye irin su ADDC-Wadata da ake iya kai wa kuka. Wasiƙar gargaɗi mai wa'adi, wadda jami'in shari'a da ake kira huissier zai kai hannu da hannu, takan sa wanda ya daina ɗaga waya ya nemi sulhu. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma kafin a je a auna kuɗin zirga-zirga da lokaci da darajar kwamfutar. Komisariya kuwa wurin laifi ne: wanda ya karɓi kuɗi ya ɓace, ko ya sayar da kayan sata. Saɓani a kan garanti magana ce ta farar hula.

Cinikin waya da kayan sata

Kasuwa ta koma cikin waya. A rukunonin WhatsApp da shafukan Facebook ana tallar kwamfuta da hoto mai kyau da farashin da ya faɗi ƙasa, a ce kaya na Yamai ko Lome, a turo rabin kuɗi a sa ta a mota. Wani lokaci kaya na zuwa, wani lokaci lambar ce ke mutuwa. Hanya mafi aminci ita ce a sa ɗan'uwa ko aboki a garin ya je ya gani da idonsa, ya yi gwajin, ya karɓi rasit, sannan a biya. Wanda ya ƙi a zo a gani, ya ƙi kiran bidiyo da zai nuna lambar kwamfutar tana kunne, ya riga ya ba da amsa.

Arha mai yawa tana da wani haɗarin. Kwamfutar da aka miƙo a bakin tasha ko a fada da dare, babu caja, ga hotunan wasu a ciki, tana iya zama ta wani ɗalibin da aka fasa wa ɗaki. Sayen kayan sata da sani laifi ne. Ko wanda ya saya bai sani ba, aya ta 2279 ta ba mai kayan asali damar karɓe abinsa cikin shekara uku. Aya ta 2280 ce ke sassauta wa wanda ya saya a kasuwa ko a wurin ɗan kasuwar da ke sayar da irin kayan: sai an biya shi kuɗin da ya kashe kafin a karɓa. Ba a cin wannan sassauci sai an nuna inda aka saya, wato an sake komawa kan rasit.

Masu aikowa daga waje

Ga ƴan Nijar da ke Faransa, Beljiyam ko Jamus masu saya wa ƙanne da ƴaƴa, kariyar can ta fi ƙarfi, amma ba ta hawa jirgi da sauƙi. A ƙasashen Tarayyar Turai, wanda ya saya ta intanet daga ɗan kasuwa yana da kwana 14 da zai iya mayarwa ba tare da ba da dalili ba. A Faransa akwai garantin doka na shekara biyu, har a kan kayan hannu da waɗanda aka sabunta, in dai daga ɗan kasuwa aka saya. Saye daga mutum kawai a shafin talla ba ya cikin waɗannan biyun. Kuma da zarar kwamfuta ta sauka Tawa, cin moriyar garantin yana nufin a nemo matafiyin da zai mayar da ita. Dabarar ita ce a yi aiki da ita sosai a can cikin kwana 14 ɗin, a ajiye rasit, a turo hotonsa gida, sannan a ba da saƙo.

Masu aikowa daga Amurka su tuna wutar can 120 ce, ta Nijar 220. Cajar kwamfutar tafi-da-gidanka yawanci tana ɗaukar 100 zuwa 240, an rubuta a jikinta, amma wasu tsofaffin kwamfutocin tebur suna da ɗan makunni a baya da sai an mayar da shi 230, in ba haka ba su ƙone a kunnawar farko. Madannan Amurka da na Najeriya QWERTY ne, ba AZERTY da ɗalibin da ke rubutu da Faransanci ya saba da shi ba. Masu sarowa daga Kano ko Legas kuma, Najeriya na da hukumar FCCPC da ke karɓar koken masu saye, amma ita ma rasit za ta fara tambaya.

Wanda kuɗi yake aikowa, kamar yayan ɗalibar nan, yana da ikon da bai cika amfani da shi ba. Yana iya cewa ba zai tura cikon kuɗi ba sai ya ga hoton rasit da lambar kwamfuta a wayarsa. Hakan yana ɗauke wa ƙanwa nauyin kunya, domin sai ta ce wa mai shago, Alhaji, Yaya ne ya ce a rubuta.

Yadda ta ƙare a Maraɗi

Maganar ɗalibar ta ɗauki mako biyar. Abokin yayan da ya haɗa cinikin ya shiga tsakani, ya kai ta gaban wani dattijo a cikin shugabannin kasuwar. Aka kira mai gyara ya buɗe kwamfutar a gaban kowa, aka ga sawun tsohon gyara kusa da inda wuta ke shiga. Mai shago ya rantse shi ma haka ya saro ta bai buɗe ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Tunda babu abin da ke nuna kwanakin garanti, dattijon ya raba asarar: mai shago ya karɓi matacciyar ya ba da wata da ba ta kai ta ba, ɗalibar ta cika jaka 20. An ciro diskin tsohuwar aka kwashe mata babi biyun, domin shi bai mutu ba.

Ta yi asarar jaka 20 da mako biyar a lokacin da malaminta ke jiran aiki, kuma abokin yayan da mai shagon ba su koma gaisawa kamar da ba. A karo na biyu ta zauna minti arba'in a shagon tana gwaji, aka rubuta mata rasit da lamba da garantin wata ɗaya, ta ɗauki hotonsa ta tura Aljeriya kafin ta fito.